Ni da Jiha Tsara Muke

Sun ba ni riga mai lamba hamsin a ƙirji,
ta ɗame ni a ciki, ta saki a kafaɗa.
Sun ɗora mini damin takardu masu ƙamshin tawada,
suka ce: Tanimu, tsaya bakin rumfa ta bakwai,
duk wanda ka ji yana Hausa ka tare shi,
ka ce jiha za ta cika hamsin, a zo biki.

Filin baje koli ya cika ya batse.
A hagu ana gwada injin markaɗe,
a dama wani yaro da lasifika yana rantsuwa
wai sabulunsa har bashi yake wankewa.
Janareta goma suna gardama,
iskar teku na kawo gishiri da ƙaurin kifi,
ni ina tsakiya, ina rabon goron gayyata
wanda ba ya taunuwa.

Madam Abeke, shugabar rumfa, ta ce in yi murmushi,
shi ma yana cikin kuɗin yini.
Ban gaya mata ba,
ni da jiharta tsara muke.
A Agege aka binne cibiyata,
bayan layin dogo, gefen ɗakin ajiyar goro,
shekarar da aka raɗa wa jihar suna.
Ita aka buga ta a jarida,
ni rago ɗaya aka yanka mini, shi ma bashi,
sai bayan damina mahaifina ya biya da huhu biyu.

Ta yi gadoji, na yi furfura.
Ta cike ruwa ta dasa benaye,
ni haƙori biyu na rasa, gurbin na nan.
Ban yi mata hassada ba.
Ta ci ƙarfina, na ci tuwonta.

Wajen la'asar wani alhaji ya tsaya,
ya karɓi takarda, ya juya ta gaba da baya,
ya ce: Kai ɗan ina ne?
Na ce nan.
Ya yi dariya, ya ce: Gida nake nufi.

Tambayar nan na san ta.
Ita aka yi wa Hansatu bara a sakatariya
da ta je neman takardar shaidar asali.
Ta dawo da fam a hannu, ba hatimi,
ta zauna bakin ƙofa tana cire takalmi a hankali
kamar ta taka ƙaya.
Garin da ake nufi, sau uku na taɓa zuwansa,
duka ukun ta'aziyya ce,
kuma can Bayarabe suke ce mini.

Duk da haka na ɗaga murya:
A zo biki! Za a yi tseren kwalekwale,
za a kunna wuta a sama, shiga kyauta!
Har na ji ina faɗa da gaske.

Da aka fara naɗe rumfuna saura takarda ɗari da wani abu.
Mulikatu mai ƙosai ta hango ni daga bakin ƙofa,
wadda muka yi rarrafe a tsakar gida ɗaya.
Ta kira ni da sunan da uwarta ta laƙaba mini,
sunan da ba kowa ya sani ba yanzu.
Ta ce ba ni su, ƙunshi nake nema.
Na ba ta. Ta naɗe mini biyar masu zafi
a cikin shekara hamsin ɗin jiha,
mai ya ratsa gadar da ke hoton.

Ɗaya na rage a aljihu.
A danfo, cunkoso ya tsayar da mu kan gada,
na aro biro wajen kwandasta,
ƙarƙashin jerin manyan baƙi
na rubuta sunan mahaifina:
Jatau mai goro, Agege.

Ranar bikin zan je.
Amma da rigata zan je,
tasu ta matse ni.