Ƙarfe a Kulle

Shekara arba'in Baba Ilu na dukan ƙarfe
a rumfarsa ta bakin kasuwar Mai Wurno.
Lauje, gatari, ƙugiyar masunta:
duk wanda ya gangara Nilu da asuba
da aikin hannunsa yake gangarawa.

Sai ga gyambo a idon sawu.
Tartsatsin wuta ne ya fara shi, ɗan mitsitsi,
damina biyu ya ƙi rufe baki.
Ƙafa ta yi suntum, ta ɗau zafi kamar bakin zuga-zugi,
masaba ta soma yi masa nauyi.

Na ja fatar idonsa ƙasa na duba,
fari fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya.
Tafin hannun da gawayi ya rina
ya koma launin kisra.
Tsakanin ɗaki da randa
sai ya dafa bango ya yi haki.

Ba abin da ban dafa ba.
Hanta daga mahauta, wake, zogale,
zoɓo mai duhu har ya gundure shi,
ƙwayar ƙarin jini kwalba uku.
Bayan gidansa ya yi baƙi,
idonsa bai yi ja ba.

Ranar Talata muka shiga motar Sinnar.
Likita Ikhlas ta daɗe tana kallon takardar gwaji,
ta yi bayani da Larabci, a hankali,
ga yadda kunnena ya kwaso:

"Ƙarfe bai ƙare a jikin tsohon nan ba.
Yana nan maƙil, a hanta, a saifa.
Kulle shi aka yi.

In kumburi ya daɗe, jiki ɗauka yake ana yaƙi.
Ƙwayar cuta ma da ƙarfe take hayayyafa,
shi ya sa hanta ke tura mai gadi,
hefsidin sunansa,
ya bi ƙofa-ƙofa yana danna sakata.
Ƙofar hanji, kar abin da aka ci ya shigo.
Ƙofar rumbu, kar abin da aka tara ya fita.
Can cikin ƙashi ɓargo ya hura wuta, yana jira,
babu abin da zai ƙera jan jini da shi."

Baba ya yi shiru, ya shafa gemu,
sannan ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari:
"Wato maƙera na nan, maƙeri na nan,
ɗan gida ne ya ɓoye ƙarfen."

"Dabara ce mai kyau ta kwana bakwai," in ji ta.
"Amma shekara biyu?
Garin da ya rufe rumbu don kar mahara su ci,
in mahara suka ƙi tafiya
'ya'yansa ne ke kwana da yunwa."

Ban ce uffan ba.
A ƙasar nan
ba mai neman a fassara masa wannan.

"A bar ɗura masa ƙwaya haka.
A nemi ƙafar.
In wuta ta mutu, mai gadi zai ji labari,
da kansa zai zare sakata."

Yau kwana talatin da huɗu
ina wanke gyambon kafin hantsi,
ruwan gishiri, auduga, bandeji,
allurar da Sani'u ɗan makwabta ke zuwa ya yi.
Wari ya ragu. Bakin miki ya soma tsukewa.

Rumfa na can da kwaɗo a ƙofa,
tsoffin sifirin na mota jibge a ciki suna tsatsa.
In na wuce sai in ga kamar jikinsa nake kallo.

Ɗazu na sake jan fatar idon.
Akwai wani ɗan ja-ja a gefe,
irin na sararin gabas kafin masunta su kwance jirage.
Ko kuwa son zuciyata ne ya shafa shi, ban sani ba.

Ya ture hannuna, ya ce na dame shi.
Can da na juya zan fita da kwano
sai na ji ya ce,
"Ke Hajjo,
ina kuka ajiye min makullin rumfa?"