Tsaga

Kwamfutar shagonmu ta tsufa a Kandara.
In na danna littafin bashi
sai in ɗora shayi, in sha, in ɗauraye kofi
kafin sunan mutum na farko ya leƙo.
Fankarta na nishi kamar mai safa da marwa da ciwon gwiwa.

Ran Alhamis na gangara titin Falasɗinu
da riyal ɗari biyu a bakin mayafi.
Na ce a ba ni memori mafi sauri, sabo dal.
Aka miƙo ɗan siririn abu kore mai haƙoran zinariya,
giga sha shida, in ji mai shago.
Na rungumo shi gida kamar tsaraba.

Na kwance sukurori huɗu,
na hure ƙurar shekara tara,
na saita shi a gurbi, na danna.
Ya ƙi.
Na juya shi. Ya ƙi.
Na ƙara ƙarfi har na ji wani abu na shirin karyewa,
na janye hannu, gabana yana dukan uku-uku.

Tasi'u mai gyara, haifaffen Jidda,
wanda Hausarsa ke ƙamshin Larabci,
ya shigo da tabarau a goshi,
ya jera tsoho da sabo a tafin hannu:
"Ladidi, dubi tsagar nan.
Ta wannan ga ta, ta wancan ta ɗan gusa.
Bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma zamani guda ne tsakani.
Allonki ɗan zamani na uku ne, kin auro masa ɗan na huɗu.
Ba girma ake fara tambaya ba, dangi ake tambaya.
Sannan nawa allon zai iya ɗauka,
kar a labta wa jaki kayan raƙumi.
Sannan wuta. Sannan sauri.
In kuwa kin haɗa mai gudu da mai sanɗa,
mai gudun ne zai sassauta ƙafa, su jera.
Nemo tagwaye 'yan gida ɗaya, huɗu da huɗu,
su ja tare kamar shanun huɗa."

Daga kan tabarma Inna Dije ta yi dariya,
tana tsince tsakuwa daga cikin zoɓo.
Ita ce ta bar Haɗeja a bayan uwarta,
ta yaye a hanya, ta yi wayo a gonar auduga a Madani,
ta ga teku a Sawakin tana da shekara tara.
Tana riƙe da sunan kowace rijiya,
da wadda ruwanta ke da kanwa, da wadda aka binne ƙaninta a gefenta.
Ta ce, "Haka kike danna ni kullum, 'yar nan.
Inna taƙaita, Inna ina da aiki."

Ban amsa ba. Na maida abin a ledarsa.

Mai shago ya ce tunda na yage kwali
sai na bar masa riyal talatin. Na bari.
Ya tono tagwayen daga ƙasan durowa,
inda ake aje abin da zamani ya wuce.

Na danna na farko: ƙas.
Na biyu: ƙas.
Irin ƙarar da ƙofa ke yi in ta gane makullinta.

Ruwan shayi bai ko fara tsuwa ba littafin ya buɗe,
suna na farko kuwa:
Tasi'u, riyal arba'in, tun azumi.
Ya sauke tabarau, ya ce ana kiran sallah.
Ba a kira ba tukuna.

Sai ga ni da lokaci a hannu, ban san inda zan aje shi ba.
Na ja kujera, na fasa, na zauna ƙasa.
Na ce, "Inna, rijiya ta farko."
Ta ce, "Tsaya in gama zoɓon nan."
Na tsaya.