Ramin da ke Jikin Ƙofa

Ran Talata aka kira ni in canja ƙofa
a gidan tsoho Orville Haugen,
can bayan gari, inda gonakin masarar Nebraska
suka kwanta ƙarƙashin ƙanƙara, shiru kamar zaman makoki.

Ni kafinta ne. Awo na sani, da ƙusa, da zarto.
Sakatar ta karye, tsagarta ta faɗo ciki:
daga waje aka banko.
Ramin kuwa, bai kai kan babban yatsana ba,
daidai ƙirjin mutum in yana tsaye,
tsagarsa ta fita waje.
Shaidu biyu a katako ɗaya,
kowanne da bakinsa.

Ban tambaye shi ba. Shi ya fara,
yana riƙe min fitila alhali rana tsaka.
Ya ce ƙarfe biyu da kwata ne.
Ya ce Marit na sama, injin numfashinta na huci,
'yan sanda kuwa tafiyar rabin awa
in hanya ta yi kyau, kuma ba ta yi ba.
Sau uku, in ji shi, ya ɗaga murya.
Sau uku kafaɗa ta amsa masa a jikin katako.

Lauyan gwamnati ya duba, ya rufe fayil:
gidan mutum ganuwarsa,
wanda aka fasa wa ƙofa cikin dare
ba a ce masa sai ya ja da baya ba.
Ko kwana ɗaya bai yi a hannu ba.
Bindigar ma sun mayar masa, cikin leda, da lamba a jiki.

Jarrod Mikulik sunan yaron. Sha tara.
Bazara biyu ya taya shi ɗaurin ciyawa,
ya san inda ake ajiye maganin Marit.
A aljihunsa: sukuddireba, da kwalbar ƙwaya wayam,
da rabin cingam.
Babu wuƙa. Babu komai.
To amma wa ke ganin aljihu ta bayan ƙofa?

Uwarsa, Darlene, ita ke karɓar kuɗi a kantin gari.
Yanzu mil arba'in tsohon ke tuƙi
don burodi da madara.
Ba ta zage shi ba. Ya ce da ma ta zaga.

Dare mahutar bawa, haka ake faɗa.
Shi nasa daren kotu ne da ba ta tashi,
shi ne alƙali, shi ne mai ƙara,
kullum a ƙarfe biyu da kwata ake kiran shari'ar,
kullum a ɗage ta.

Ina ɗaura sabuwar, ta ƙarfe, mai ɗan gilashin leƙe,
ya ce: kai fa, da me za ka yi?
Ƙusa uku na bakina. Na gode musu.
Ina da 'ya'ya mata biyu,
ina da tawa a aljihun tebur, kusa da gado,
ba ni da bakin cewa ya yi kuskure,
na kuma nemi bakin cewa ya yi daidai, ban samu ba.
Doka ta auna tsoronsa, ta ce ya cika mudu.
Abin da ya zube gefe, ba ta da ma'auninsa.

Tsohuwar ƙofar na ɗora a mota.
Itace mai kyau, zai ci wuta sosai.
Har yau tana jingine a shagona.
Jiya na sa ido a ramin:
tsakar gidana kawai na gani, da keken ƙaramar a yashe.

Da dare na jawo aljihun tebur, na duba, na mayar.
Sannan na ɗauki tsani cikin sanyi
na canja ƙwan fitilar bakin ƙofa,
wanda ya mutu tun kaka.