Shaidar Asuba

Na ɗora hannu bisa Alƙur'ani a kotun Yawuri,
na ce da idona na gan shi,
injin jirgin Alhaji Gado a kafaɗarsa,
gari bai gama wayewa ba.

Ni Nomau, shekara arba'in ina karanta ruwa.
Na san inda giwan ruwa ke kwana,
na san kumfar da ba kifi a ƙarƙashinta.
To ta ina ido zai ci amanata?

Sai aka kawo wata likita daga Birnin Kebbi,
wai aikinta sanin yadda ƙwaƙwalwa ke ajiya.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, Baba, wace irin riga ce a jikinsa?
Na ce shuɗiya.
Ta ce, ranar farko a caji ofis
ka ce duhu ya hana ka ganin launi.

Fanka na ta juyawa bisa kanmu.
Gumi ya bi bayana.

Ta ce, wa ya fara kiran sunan Jaɓɓi?
Sai na tuna kofur, da kofin shayinsa:
"Ba Jaɓɓi ba ne? Ai tsayinsa ke nan."
Daga ranar inuwa ta yi hanci,
ta yi tsagar kumatu,
ta yi shuɗiyar riga.

Ta dubi alƙali ta ce, Allah ya gafarta malam,
dattijon nan bai yi ƙarya ba.
Tuni ba rumbu ba ne,
ka zuba gero ka tarar da gero.
Taru ne. Kowane ja
sai ya haɗo da abin da ba a jefa dominsa ba.

Alƙali ya cire gilashi, ya daɗe yana gogewa.
Takardarsa gurbi biyu gare ta, ya gani ko bai gani ba.
Ba gurbin mutumin da ya gani
bai san me ya gani ba.

Wata bakwai Jaɓɓi ya yi a gidan yari
bisa kalmar bakina.
Jiya mun haɗu a bakin kogi, yana ɗinkin komarsa.
Shi ya fara gaishe ni.
Da zagina ya yi, da na samu barci.

Har yau idan na rufe ido, shi nake gani da injin,
sarai kamar tafin hannuna.
Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Yanzu in asuba ta yi, inuwa ta gifta gaɓa,
nakan ce wani ya wuce,
in ci gaba da tuƙi.