Bashin Rana

Shekara arba'in da ɗaya ina noman rake a Ingham,
ban san malafa ba sai in ruwa ya kece.
Rana ta yi ta rubuta bashinta a fuskata,
ni ko ban iya karatun irin wannan rubutu ba.

Da ta tashi karɓa, ba ta yi sallama ba.
Ɗan ƙurji ne a gefen hanci, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya yi ɓawo, ya warke, ya dawo,
kamar baƙon da kullum yake manta hularsa.

Suka yanka, suka kai ɗakin gwaji, na zauna.
Suka ce da saura. Suka ƙara.
Sau uku a yini ɗaya,
sannan suka janyo fatar kumatu suka toshe ramin.
Ɗinki ashirin da bakwai.
Na ƙirga a madubin mota, ina jiran ɗana ya sayo mai.

Kansa ta tafi, tabo ya tare.
Ja, mai kauri, ya gangaro daga ido zuwa leɓe.
A kantin burodi mata suna gaishe da kunnena,
ba mai son a kama shi yana kallo.

Yau Talata, zuwa na huɗu Townsville.
Likita Senanayake ta shafa man kashe zafi,
ta ɗora min tabarau baƙi kamar na mai walda.
Ta ce, "Mista Pavan, kar ka motsa."
Ina zan motsa in je?

Tas. Tas. Tas.
Kamar yaro yana harbi na da roba,
sai iska mai sanyi ta biyo tana ba da haƙuri.
Ƙauri ya tashi, na san shi:
haka gona take wari in an cinna wa rake wuta da magariba,
sai dai yau ni ne gonar.

Na ce, "Likita, haske ya ɓata, haske ke gyara?"
Ta ce leza ba rana ba ce,
ita ta san inda za ta tsaya.

Ettore, wana, bai zo nan ba.
Nasa a gadon baya yake, baƙi kamar ɗigon kwalta.
Matarsa ta yi magana har ta gaji,
ya ce sai an gama sara.
An gama sara.
Fuskarsa sumul muka rufe ta,
ko ƙwarzane babu.

Jikata Marnie, mai shekara shida,
ta sa yatsa a kumatuna ran Lahadi,
ta ce wannan kogin Herbert ne,
ga kwanar da muke kama kifi,
ga gada, daidai ƙarƙashin hanci.
Yanzu tana fushi.
Wai kogi yana ƙafewa, wa ya shanye mata ruwa?

Shi ya sa na ɗaga hannu kafin a gama.
Likita ta cire ƙafa daga kan injin.
Na ce ta daidaita tudun, ta kashe jan,
amma can ƙasa, kusa da leɓe,
ta bar min kamar tsawon farce.
Ta yi shiru. Na ji tana cire safar hannu.
Ta ce dama ba ya gogewa duka,
na ce to, kar ki yi ƙoƙari da yawa.

A waje ƙarfe biyu ta yi, kwalta tana narkewa.
Kumatuna ya kumbura, yana zogi kamar an mare ni.
Na shafa farin man nan har bayan kunne,
na ja malafa, na ɗaure igiyar a haɓa.
Ita ko tana nan sama inda na bar ta,
ba ta ji kunya ba.
Na tsallaka ɗaya gefen titin, inda inuwa take.