Giram Ɗari da Sittin

Shekara goma sha ɗaya jakar na rataye
a ɗakin ajiya, bayan tayoyin hunturu,
tana warin gansakuka da tsohon kofi.
Ranar da ƙanƙarar tafkin Kallavesi ta fara tsagewa
na sauko da ita, na zazzage a teburin kicin.
Faifan jifa tara.
Ja, ruwan ɗorawa, fari da ya koma ruwan toka,
kowanne da sunana a baya, Reijo,
da lambar wayar gidan da muka sayar tuni.

Abin alfaharina yana ciki,
mai kaifin baki kamar wuƙar yankan kifi,
an buga masa sha uku a goshi.
A da in na sake shi, sai ya tsaga dajin nan gida biyu,
ya yi kwana, ya dawo, ya kwanta gindin kwando
kamar karen da ya san ƙofar gidansu.

Jiya na sake shi.
Taku ashirin ya yi, ya karkata hagu, ya nutse cikin ciyawa.
Kafaɗata mai ƙusa uku ta yi magana.
Wasu yara biyu da ke jiran layi suka kalli takalmansu,
kunyar da suka ji mini ta fi dariya ciwo.

Shagon yana inda gidan burodi yake a da.
Bango guda, faifai sama da ƙasa, har da masu haske cikin duhu,
sunaye irin na tsuntsaye da guguwa,
lambobi huɗu huɗu kamar takardar asibiti.
Na miƙa hannu ga mafi sauri.
Yarinyar shagon, Tuovi, ta ce: Baba, jefa mini wannan safar in gani.
Na jefa.
Ta ce: hannunka bai manta ba, ƙarfin ne ya yi ƙaura.
Bar sha uku. Ɗauki bakwai.
Bar giram ɗari da saba'in da biyar, ga ɗari da sittin,
roba mai laushi da ba ta zame wa yatsa in sanyi ya kama.
Na ce wannan ai na 'yan koyo ne.
Ta ce to?

Sai ta juya tsohon farin, ta ga rubutuna,
ta yi shiru kamar ruwa ya cinye ta.
Ta shiga ciki, ta fito da wani mai kaurin baki, na jifan kusa,
duk tabon itace, gefensa ya cinye.
Sunana ne a bayansa.
Ta ce: babana Aulis ya ce aro ne.
Har ya kwanta jinya yana cewa zai mayar.

Na tuna ranar. Yayyafi, rami na sha huɗu,
nasa ya faɗa fadama, na ce riƙe wannan zuwa Lahadi.
Lahadi ɗari biyar da wani abu ke nan.

Uku na saya, marasa nauyi, marasa girman kai.
Shida na zuba a kwandon kyauta na bakin ƙofa,
har da sha ukun.
Wani mai sabuwar kafaɗa ya je ya tsaga dajin.

Yau ƙarfe goma na dare, rana ta ƙi faɗuwa,
sauro ya yi mini rawani.
Bakwai ɗin ya tafi miƙe, ba nisa, amma miƙe.
Sannu ba ta hana zuwa.
Taku takwas tsakanina da kwando,
na ciro wanda ya yi shekaru a hannun Aulis,
da tsohuwar zuma ake magani,
na saki.

Ya taɓa sarƙa, ta yi ƙara, ya faɗo waje.

Na ɗauka, na goge shi da gefen riga.
Sababbin na rubuta musu sabuwar lamba.
Shi na bar masa tsohuwar.