Gurbi

An ɗauke wuta tun la'asar a Rafindaɗi.
Janaretan mai guga na tari a ƙarshen lungu,
ni kuwa ina kan tabarma, kwamfuta a cinya,
caji saura kashi goma sha bakwai,
ina haɗa wa Kawu Ɗanlami 'yar manhaja
da za ta raba masa geron zakka
ba sai ya ƙirga da gaɓoɓin yatsu ba.

Na buɗe baka, na rubuta gero, na rubuta mutane,
sai na jingina 'yar sanda a bayansu,
karkatacciya kamar tsintsiya a jikin bango.
Dokarta ɗaya ce:
duk wanda ya riga ta zama
ba a kiran sunansa daga waje.
Na farko shi ne na farko, na biyu na biyu.
Ka juya su, inji ba zai yi maka gardama ba,
zai raba mutum tara ga tiya arba'in
ya miƙo maka amsa, ko a jikinsa.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Ke, waccan,
an sa wa zaure sakata?"

Shekara ashirin da takwas ina amsa waccan.
Ni ce ta fari,
sunana bai taɓa ƙetare haƙoranta ba.
Tanko ya tarar da mu mata uku, ya sami nasa,
Gambo ta biyo sawun tagwaye,
Auta ya ja ƙofa.
A gidanmu da gurbi ake sanin mutum,
sunan yanka yana ƙasan adaka
tare da takardun asibiti.

Wanda ya koya mana aikin, can wajen Ƙofar Marusa,
ya ce amfanin sandar ke nan:
suna ya zama kayan cikin gida.
Gobe in ka ga dama ka mai da gero hatsi,
babu mai sallama daga waje da zai yi tuntuɓe,
bai taɓa riƙe sunan ba
balle ya kuɓuce masa.

Ina aji uku zazzaɓi ya kayar da ni.
Cikin magagi, tsakar dare,
na ji ana faɗin sunan nan nawa,
ƙasa-ƙasa, sau uku,
ana tofa mini addu'a a goshi.
Da gari ya waye na tambaya.
Ta ce mafarki na yi,
ta turo kwanon koko, ta ce, "Ke, sha."

Caji saura kashi huɗu.
Na ba shi arba'in, na ba shi tara, ban kira kowa ba.
Ya ce huɗu-huɗu, tiya huɗu ta yi saura.
Wannan kuma Kawu ya san inda zai kai ta.

"Ba ki ji ba ne?"

Na ji, Inna.
Na rufe allon, na laluba takalmi da ƙafa.